Tsawon Sarƙa

Ranar da kamfanin yawon buɗe ido ya karye,
masu shi suka datse ofis, suka bi jirgin Helsinki,
suka bar karnuka arba'in da ɗaya ɗaure a bayan Ivalo.
Marjut, ɗiyata, ta kira ni tana haki:
"Baba, ko biyu ne ka ɗauka."
Na je da tsohuwar motata ta rabon wasiƙu.
Na dawo da bakwai.

Ni ko kyanwa ban taɓa kiwo ba.
Aila ce mai son dabba,
ita kuwa shekara uku ke nan
takalmanta na bakin ƙofa, ba mai sakawa.

Na kwance su a tsakiyar fili,
na ce, to, ga duniya nan, har bakin tafki taku ce.
Ba wanda ya gusa.
Kowanne ya kama zagaye,
taku huɗu, ya karkato, taku huɗu,
ya shata wa kansa da'ira a dusar ƙanƙara
daidai tsawon sarƙar da na riga na jefa a shara.
Sabo turken wawa, in ji masu magana.
Na duba, ban ga wawa ba.
Sai na tuna har yau a gefe ɗaya na gado nake kwana.

Ba su san matakala ba, ba su san madubi ba.
Nokinen ya kwana biyu yana yi wa kansa gurnani.
Pihla ta haɗiye safar hannuna ta hagu,
ta dawo mini da ita ran Alhamis.
Fanshona ya ƙare a kawunan kifi da kitsen barewa,
tukunya na zaɓalɓala tun ƙarfe biyar,
ƙarni ya kama labule,
har maƙwabcina Oiva ya koma shan kofinsa a tsaye.

Sai kukan.
Tsohuwar ke ɗaukowa, Routa,
mai ido ɗaya fari kamar daskararriyar madara,
sauran su amsa, kowa da inda muryarsa ta tsage.
A watan da rana ba ta leƙowa
da shi nake sanin gari ya waye.

Wata safiya na zazzage buhun da aka haɗo ni da shi,
ɗamarun jansu suka zube ƙasa.
Ihu ya tashi, na zaci tsoro ne,
na sunkuya zan kwashe,
sai Routa ta zo ta cusa kanta cikin ɗaya,
ta tsaya, ta ba ni baya, tana kallon hanya.
Ni da ke bugun ƙirji na raba su da ja.

Ba ni da amalanken ƙanƙara.
Oiva ya ƙusance ƙyauren tsohon sito bisa katako biyu,
ya ce in na mutu motar tasa ce.
Suna fizga, ihun ya ɗauke ɗif,
ba ka jin komai sai numfashi da tafin ƙafa ashirin da takwas.
Sau uku na kifa.
Na tashi gemu cike da ƙanƙara,
na ji wata ƙara na fita daga ƙirjina,
na jima kafin na gane dariya ce.

Routa ta tafi a watan Maris,
kusa da murhu, haɓarta kan takalmin Aila.
Ƙasa ta ƙi shebur.
Na naɗe ta da bargon da ta fi so, na ajiye a sito
har ƙarshen Mayu.
Mako biyu muna fita da gurbi a gaban igiya,
suna ta waige,
sai mai cin safa ta matsa gaba, ba wanda ya ce mata.
Hagu da dama har yanzu sai ta yi tunani.

Ƙanƙara ta narke, da'irorin sun bi ta.
Ɗazu na nemi Nokinen na rasa.
Can na hango shi bakin tafki, shi kaɗai,
jiƙe sharkaf, yana shinshina wani abu da bai shafe ni ba.
Na kira shi sau biyu.
Ya dube ni,
ya ƙarasa abin da yake yi tukuna.