Lita Uku da Rabi

Ran Talata tukunyar Godelieve ta mutu,
ana tsakiyar suya ta biyu.
Ta yi tari sau ɗaya, jar fitilarta ta lumshe,
dankalin ya kwanta cikin kitse, fari fat, ya yi laƙwas.
Shekara ashirin da shida tana aiki.
Mai ita ta riga ta tafiya da shekara biyu.

Sai ga ni a kanti, a Aalst, bayan tashar jirgi,
ruwan sama na ɗiga daga bakin hulata,
tukwane jere a kan kanta, kowace na sheƙi,
kowace da farashinta rataye a wuya.

Hilde ta kira ni tun ina ƙofa:
"Baba, mai iska za ka saya. Ka ji abin da likita ya ce."
Na ce, iska shanya take busarwa,
ban taɓa jin ta soya komai ba.
Ta yi tsaki daga Antwerp, na ji shi sarai.

Yaron kantin, Wannes, sunansa manne a ƙirji,
bakinsa ya san hanya:
wannan kwanonta na fita a wanke,
wannan tana da sanyi a gindi, ɓurɓushi ba ya ƙonewa,
wannan murfinta da taga, da matatar wari,
garanti shekara biyu, igiya doguwa.
Na ƙwanƙwasa cikin ɗaya da ɗan yatsa,
ta amsa da muryar gwangwani.
Ba girin-girin ba, yaro, ta yi mai.

"Mai ko kitse?" ya tambaya.
Kitsen sa mana, me kuma?
Ya ce to in kiyayi mai ƙarfen wuta tsirara a ciki,
sai na narkar da kitsen tukuna.
A nan na fara ganin mutuncinsa.

Sannan, yana duban takarda, ba ni ba:
"Ku nawa ne a gida?"

Na gyara tabarau.
Na karanta farashin da na riga na karanta.
Ya miƙo wata 'yar ƙarama, lita ɗaya,
kwandonta ko tafin hannuna bai cika ba.
Tukunyar mutum guda,
mai ci a tsaye, a bakin famfo.

Godelieve kan ce dankali ɗan fili ne,
ka cunkusa shi, kitse ya huce, ka ci jiƙaƙƙe.
Ɗari da hamsin a karon farko,
a kwashe, a shimfiɗa, a bar shi ya huta,
sannan ɗari da tamanin, har sai kunne ya ce ya yi.
Ba ta taɓa duban agogo ba.

Na ce da yaron, ya danganta da ranar.
Ba ni waccan, lita uku da rabi.
Yuro saba'in da tara. Na ninke rasit cikin hula.

A bas, kwalin ya cinye kujera guda.

A gida na gwada tsohon kwandonta,
mai mariƙin da na ɗaure da waya tun Hilde na firamare.
Bai shiga ba. Faɗin yatsa ɗaya ya hana.
Na mayar da shi ƙusarsa.

Na zauna feraya, hankali yana wani wuri,
da na ɗaga kai, takwas ne a ruwa.
Hannu bai san lissafi ya canza ba.

Kitse ya narke, ya fara ƙus-ƙus.
Na buga bango sau uku wa Odilon,
wanda tsanina ke gidansa tun bazara.
Ya zo da mayonis, da giyarsa a aljihu.
Tsanin bai zo ba.