Maganin Yara

Shekara bakwai ke nan da kabu-kabu ya watsar da ni
a gangaren gadar Kwalkwalawa.
Ƙashi ya ɗinke, in ji hoton asibiti.
Shi ciwon bai ga hoton ba.

Ya tare a ƙuguna kamar ɗan haya
da ya san mai gida ba shi da ƙarfin kora,
har ya gayyato ɗan'uwansa,
wani baƙin abu marar suna
da ke sa kofin shayi ya yi nauyin turmi,
ya sa amsa sallama ta zama noman rani.

Na rufe rumfata ta Tsohuwar Kasuwa.
Fatun jar akuya suka ƙeƙashe a rataye,
basilla ta yi tsatsa.
Ige ta sayar da tunkiya, daga baya 'yan kunne.
An yi tofi, an yi ƙaho, na sha sassaƙe,
na sha farare da jajayen kemis,
waɗanda ke kwantar da mutum
su bar ciwon a tsaye bisa kansa.

Ran wata Talata, Dakta Saratu Gumbi
ta daɗe tana juya biro kafin ta ce:
“Wannan ba don irinka aka yi shi ba, Malam Bube.
Na yara ne masu hankali kamar fara a cikin aji,
da masu faɗawa barci ana tsakar magana.
Takardar cikin kwali ba ta san ciwonka ba.
Amma ƙofofin gaba duk mun ƙwanƙwasa.
Ka yarda mu zagaya ta baya?
Ban yi maka alkawari ba.
Rabi da safe. Kada ka ƙara.
Duk wata ka kawo mini hannunka in auna.”

Hamsin da takwas, da furfura har gira,
ga ni riƙe da maganin yara.
Mai ba da magani ya dubi takarda, ya dube ni,
ya tambayi shekarun jikan nawa.

Kwana na huɗu na ji ƙamshin bagaruwa.
Shi ke nan abin da ya faru.
Na ji ƙamshi, na tashi, na nemi dutsen wasa wuƙa.
Kafin azahar na yanka gaban takalmi biyu.
Ige ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu,
ba ta ce kome ba, kada ta kore shi.

Ciwon bai tafi ba, kada in yi ƙarya.
Ya dai koma kusurwa ya naɗe ƙafa,
yana kallona ina ɗinki.
Da la'asar, in rabin nan ya ƙare,
sai ya miƙe ya karkaɗe riga.

Kuma aron yana da kuɗin ruwa:
tuwo ya zama auduga a bakina,
zuciya na sukuwa ba mahayi,
dare ya raba ina ƙirga azarar ɗaki,
zafin bazara na gasa katanga.
Wani watan a nemi kwalin a rasa duk Sakkwato,
sai an yi sautu Kano.

Jiya Ɗan'ige mai faci ya raɗa mini,
wai ɗansa na da jarrabawa, in taimaka da guda.
A majalisa kuma an ce Bube ya fara ƙwaya.
Na ce wa na farko a'a.
Na biyun ban same su ba, ina aiki.

Ban sani ba ko gada ce wannan ko kwale-kwalen aro.
Ita ma Dakta ta ce ba ta sani ba tukuna.
Da asuba nakan ɗora ƙwayar bisa katakon yanka,
in sa wuƙar dukanci a tsagar tsakiya.
Hannuna bai taɓa kuskuren rabo ba.
Rabin gobe in naɗe shi a ƙyallen fata,
in ce Bismillah,
in jira ƙamshin bagaruwa.