Sifili Ɗigo Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba Graciete kan shigo,
takunkumi a baki, safar roba a hannu,
ta zuƙi jini ta bututun da suka dasa mini a ƙirji,
kwalba uku cur,
kamar mai karɓar haraji a gidan da gobara ta cinye.

Yau kwana goma sha ɗaya da ɗigon ƙarshe na jan maganin nan.
Sun ce gonar suka ƙone don ciyawa ta mutu.
To, ta mutu. Shukar ma ta bi ta.
Ɓargona ya zama fili fetal,
ni kuwa ina bakinsa zaune, ina dakon tsiro.

Da hantsi Likita Valdemar zai rubuta a farin allo:
sifili ɗigo ɗaya.
Jiya ma haka. Shekaranjiya ma haka.
Sai ta kai ɗigo biyar a buɗe mini ƙofa.
Ni da na shekara talatin ina ɗinkin taru a Matosinhos,
na san kowace ɓula da bakin zarenta,
amma wannan ba ta hannu ba ce.

An hana fure shigowa. An hana ɗanyen tumatir.
An hana jikata Benedita, don tana majina.
Leonilde takan cire zobenta a bakin ƙofa,
ta wanke hannu har gwiwa,
ta ajiye miyar kabeji da ta tafasa sau biyu.
Bakina duk miki ne, cokali ɗaya kamar garwashi.
Na ce ta yi daɗi.
Ta san ƙarya nake, ta ƙara mini.

Ran Talata suka rataya wata jaka ruwan ɗorawa,
jinin wani da ban san sunansa ba.
Ko direban bas ne, ko ɗaliba, oho.
Na yi masa godiya a hankali, ɗigo bayan ɗigo.

Akwai wani a bayan bangon nan.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba, tarinsa kawai na sani.
In dare ya raba yakan ƙwanƙwasa sau biyu,
in mayar masa sau biyu.
Kwana uku ke nan shiru.
Ban tambayi Graciete ba. Ita ma ba ta ce komai ba.

Daren São João zazzaɓi ya kayar da ni.
Gari duk ya fita gasa kifin sadin a titi,
wuta na fashewa saman kogin Douro,
fitilun takarda na tashi suna wuce tagata.
Tagar ba ta buɗuwa.
Ina rawar sanyi ƙarƙashin bargo uku
ina lalubar ƙamshin hayaƙin cikin kaina.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Wanda ya faɗa bai ce
wani lokacin kai ne dutsen, kai ne tukunyar ba.

Kwana na goma sha tara,
Valdemar ya goge ɗayan da gefen hannu,
ya rubuta biyu.
Ya ce kada in ɗoka, gobe tana iya komawa.

Na jira har ya fita.
Na juya ga bango,
na ƙwanƙwasa sau biyu,
na kasa kunne.