Maki Mafi Ƙanƙanta

Shekara talatin da ɗaya na riƙe jan biro a Mabera,
ban taɓa ganin ɗalibin da ya duba wa kansa jarrabawa ba
sai ranar Talata, a shagon Sahabi,
can bayan Ƙofar Atiku,
inda fanka ke juya zafin Sakkwato, ba ta rage shi.

Kwamfutar 'yar gwanjo ce, ɗana ya aiko daga Ikko.
Na ce tana nawa kamar mai jan guga da hannu ɗaya.
Sahabi ya taɓa nan, ya taɓa can,
ya ce, “Malama, bari ta faɗi da bakinta.”

Sai ta jera.
Ƙwaƙwalwa, mai lissafi: bakwai da ɗigo biyu.
Ram, wai tabarmar da take baza aiki a kai: shida da tara.
Mai zana hoto: biyar da rabi, ba yabo ba fallasa.
Rumbun ajiya: uku da ɗigo ɗaya.
A ƙasa, da manyan baƙaƙe,
ta ba kanta uku da ɗigo ɗaya.

Na ce an yi zalunci.
Mu tarawa muke, mu raba,
ƙarfin wani darasi ya rufa wa wani asiri.
Ba ni takarda in nuna mata.

Ya yi dariya bai ɗago ba, ƙaramin sukudireba a haƙoransa.
“Ba ta san rufin asiri ba.
Kin taɓa bin ayarin raƙuma daga Illela?
Gurgun ciki shi ke yanke ranar isowa.
Ƙwaƙwalwar nan ta gama, tana zaune tana jira,
rumbun bai buɗe ƙofa ba tukuna.
Ko kin ƙaro mata ram cikin buhu,
kin zuba ruwa ne a tulun da ba shi ke yoyo ba.”

Na yi shiru.
Tumba ce ta faɗo mini, 'yar aji huɗu, layin taga.
Lissafi casa'in, karatu goma sha tara.
Na tara, na raba, na rubuta “ta ci”,
ta wuce da sha tararta a ɓoye cikin hamsin da huɗu.
Ban san inda ya tare ta ba.
Na san dai ya tare ta.

Sahabi ya cire rumbun, ya sa wani, siriri, marar ƙara.
Ta sake zama jarrabawa.
Ukun ya haura bakwai,
sai biyar da rabin nan, da ya laɓe ɗazu,
ya fito gaba ya zama sunanta.
“Kullum akwai na ƙarshe,” in ji shi.
“Wasiƙu za ki buga, wannan ya ishe ki.”

Na biya, na rungumo ta.
A bakin titi mai kabu-kabu ya tsaya.
Kaina ya riga ya hau, ya isa gida, ya ɗora shayi.
Gwiwata ta hagu na nan tana shawara.