Matakala Ɗari da Tamanin da Uku

Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin teku
matakala ɗari da tamanin da uku.
Valparaíso ba ta san shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba,
gidajenta sun maƙale a jikin tudu
kamar 'ya'yan da suka ƙi sauka daga goyo.

Ran Talata takardu biyu suka hawo nemana.

Ta farko daga asibitin gwamnati, can ƙasa,
inda gado talatin ke jiran hannu huɗu,
inda gari ba ya wayewa sai ya ga dama.
Ta biyu mai kauri ce, har da ƙamshi:
Dakta Urrutia na son nas a ɗan asibitinsa,
takwas zuwa biyar, Asabar da Lahadi nawa ne.
Akwai kifaye masu launi a cikin gilashi
da kujerar da in ka zauna
sai ka manta ciwon da ya kawo ka.

Inna Nélida ta karanta da tabaranta mai ƙafa ɗaya,
ta ɗora kofin shayi a kan ta gwamnati.
Ba da gangan ba, in ji ta.
Gwiwoyinta sun yi wa matakala yaji tun bara.
Wa zai hawo mata da burodi?
Ga bashin makaranta a bakin ƙofa,
baƙon da aka ba ruwa, yana neman shimfiɗa.

Na tuna Don Belisario masunci,
a watana na ƙarshe na koyon aiki.
Sau uku na soka, sau uku jijiya ta zille.
Ya ce, "Shekara arba'in ina jefa ƙugiya
a ruwan da ban taɓa ganin ƙasansa ba.
Sake jefawa, 'yata."
A na huɗu jini ya leƙo cikin roba.
Kafin asuba ya cika, hannuna a cikin nasa,
ban kuma san abin da ake yi da hannu bayan nan ba.

Na je in ji ta bakin Sista Ondina.
Na tarar da ƙafafunta a cikin bokiti,
shekara ashirin da shida a ɗakin 'yan tiyata.
Na zaci za ta ce zo.
Ta ce, "Fresia, kin ga idon sawun nan? Asibiti ya ci.
Kin ga yatsun nan? Ko a duhu suna gane jijiya.
Shi ya ba ni.
Mai auna jini a wurin Urrutia ba ta fi ni ba,
ni ma ban fi ta ba.
Ita ta san sunan jikokin marasa lafiyarta,
ni kafin in riƙe suna an sallami mai shi,
ko an ja masa mayafi."
Ta miƙo mini rabin lemo.
Iyakar shawarar ke nan.

Daren nan jiragen ruwa na ta nishi a cikin hazo.
Inna ta yi magana daga ɗakinta, ko fitila ba ta kunna ba:
"Kada ki rataya zaɓinki a gwiwata.
Yaron maƙwabta zai kawo burodi."

Na rubuta wa Dakta: na gode, ba yanzu ba,
hannuna ɗanye ne, da sauran wuta.
Ko kujerar za ta jira ni, ban sani ba.
Wataƙila in ƙwanƙwasa masa ƙofa nan da shekara biyu
da idanu a zurme,
ba kuma zan ji kunya ba.

Na sa hannu a takarda mai zoben shayi.

Yau da bakwai na yamma
kowa na hawowa gida da ledar cefane,
ni kaɗai ke sauka,
farin takalmi, tuffa ɗaya a aljihu.
A matakala ta casa'in na waiga.
Tagarmu a buɗe take.
Saura casa'in da uku.