Ƙwan Fitilar Cima

Shekarar da aka ɗauke tasha
aka kai ta bayan gari,
layinmu na Zango ya yi tsit
kamar gidan da aka share makoki.

Ni gyaran rediyo nake yi.
Na zauna ina ƙirga ƙofofin da aka garƙame
yadda harshe ke ƙirga gurbin haƙora:
tela Kiyari ya bi ɗansa Agadas,
Lawali mai sabulu ya koma kabu-kabu,
Malam Barma baduku na tsaron jakunkuna sha ɗaya
har jan fatar ya koɗe.
Akuyar wani ta haihu a rumfar mai shayi,
ba wanda ya kore ta.
Barma ya ce, ku bar ta,
ko ba ta saya ba, ai ta zo.

Sai ga Cima, watan bazara,
lokacin da duwatsun Damagaram ke toya ƙafa,
ta sauke tsohon firigo daga amalanke
da farantan hasken rana biyu, ɗaya da tsaga.
Ta kama shagon Kiyari, jaka uku a wata.
Na ce, baiwar Allah, wa za ki sayar wa,
layin da ƙafa ta manta?
Ta ce, Ilu, ƙishirwa ba ta ɓatan hanya.

Ranar farko ƙanƙara huɗu ta sayar,
biyu bashi.
Sauran tsamiyar mu muka shanye.

Da magariba ta rataya ƙwai ɗaya a bakin ƙofa,
ƙwai ɗaya tak, ba don kowa ba,
don ta ga canji.
Ƴan lakkol suka fara zuwa da littattafai,
suna haddar lissafi, suna tsotsar zoɓo na dala biyar.
Barma ya ja buzunsa kusa,
wai idonsa ne ke son haske,
alhali hira yake so.
Wata yarinya, Habsu, ta ɗauki jakarsa hoto
ta aika wa gwaggonta a Yamai.
Aka ce a yi shida.
Tsoho ya juya baya yana neman basilla
don kada mu ga fuskarsa.

Ni kuwa, da furfurata,
na durƙusa gaban ɗan ƙanwata
ya koya mini cikin wayar hannu,
hanjin da ya fi na rediyo siranta.

Muka kafa adashi, ranar Alhamis.
Kwasar farko, ƙwai uku da waya.
Ta biyu, kwanon rufi ga mai shayi.
Ta uku muka yi faɗa a kan shara
har Cima ta kwana biyu ba ta gaishe ni ba.

Ba zan yi ƙarya ba:
tasha ba ta dawo ba,
Kiyari ma can ƙasa ta rufe shi.
Ƙofa biyar har yau da kwaɗo.

Amma jiya Lawali ya jingine babur
yana auna shagonsa da taku.
Akuya ta kwashe ƴaƴanta, ta yi fushi, ta bar mana layi.
Ni kuma da dare na kunna labarai,
ga mai tsire na kira, ga yara, ga cinikin albasa,
sai da na ƙara murya
har sau biyu.