Aljihun Hagu

Ni ɗan kabu-kabu ne a Damagaram,
daga tasha zuwa Kasuwar Dole, daga Dole zuwa Birni,
rana tana dafa kwalta, kwalta tana dafa ni.
Ruwan leda nake sha, goma a wuni, wata rana fiye.
In na tsotse sai in saki.
Iska ta san inda take kai su, ni ban tambaye ta ba.

Baba Kanta, maƙwabcinmu a Garin Malam,
tsohon mai yankan tikiti, yana jan ƙafa ɗaya,
kullum bayan asuba, kafin mai ƙosai ta hura wuta,
yana bakin kwata da ƙugiyar waya
yana kamun leda kamar masunci.
Na ce, "Baba, yau kifi nawa?"
Ya ce, "Tara. Uku na san bakin da ya tsotse su."
Na yi dariya, na tada babur.
Dariyar ba ta kai kwanar farko ba.

Garin da muke gadin famfo har tsakar dare,
jarka bayan jarka kamar carbi,
a nan ruwan Agusta ya shigo mana ɗaka babu sallama.
Ya ɗauki tabarma, ya jiƙa buhun hatsi,
ya ci katangar Barira mai alkaki.
Ɗakin Baba Kanta ma bai bari ba,
ruwa ba ya tambayar wa ya share ƙofarsa.
Da gari ya waye na ga abin da ya shaƙe gada:
dubu kan dubu, sun cuɗe da laka,
kowace da huda a kusurwa
daidai girman haƙorina.

Ban yi rantsuwa ba, ban gaya wa kowa ba.
Ranar dai na tsotse, hannu ya buɗe zai saki,
sai na tura ta aljihun hagu.
Ta jiƙa mini wando.
Wani fasinja ya duba, ya kau da kai.
Washegari na manta. Kwana biyu na tuna.
Hannu jaki ne, hanyar da ya saba yake bi,
sai ka yi ta juya masa kai.

Ashe aljihu yana buɗe ido.
Wanda ya ɗauki tasa zai fara ganin ta wasu,
ya ga fitilar titi da ta mutu tun bara,
ya ga ramin da ke cin tayar kowa, kowa na zagin wani.
Da mai unguwa ya kira taro a gindin dogon yaro,
ni da ba na tsayawa sai in akwai shayi,
sai na ga hannuna a sama.
Murya na rawa, na ce kwata, na ce gada.
Tanimun tela ya rubuta,
muka sa hannu, Barira ta dangwala yatsa.

A ofishin magajin gari aka ce, "Ku dawo Alhamis."
Muka dawo. Aka ce Alhamis.
Ta yau ce ta shida.
Mai gadi ya san sunana,
ni kuma na san ƙofar da ake bugawa da wadda ake jira.
Motar yasar kwata ba ta zo ba tukuna.
Mu dai ran Lahadi akwai shebur huɗu
da baro ɗaya na aro, mai kuka.

Baba Kanta ƙafar ta ƙi, daga kujera yake ƙirga.
Ƙugiyar tana bayan ƙofata.

Jiya da dare Habsu, 'yata ta aji ɗaya,
tana lalube mini aljihu kamar kullum, ko za ta samu dala,
ta zaro ledojina, ta jera, goma sha ɗaya.
Sai ta sa hannu a jakar makaranta,
ta fito da guda a naɗe, ta ɗora a kai.
"Sha biyu," in ji ta.